Rubutun da ba a wankewa

A gidanmu in aka ce rubutu, na sha ake nufi. Yaro ya yi zazzaɓi, a karɓo rubutu. Mace na naƙuda, a karɓo rubutu. Malam ya rubuta ayoyi a allo da tawada, a wanke a ƙwarya, a sha da bisimilla. Larabawan maƙwabtanmu na ce masa mihaya, wato abin da aka shafe. Shi ya sa ranar da Duktura ta miƙo mini littafi mai shafi arba'in da biro, ta ce za mu gwada magani da rubutu, sai na ce mata ai na riga na sha, har sau uku.

Mu Hausawan Wad Madani ne, a ƙasar Sudan. Kakana ya baro ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar aikin hajji, ya tsaya a Jazira yana tsinkar auduga don ya tara guzuri, a nan ya yi aure, a nan aka binne shi. Ni a Madani aka haife ni, da Larabci na yi karatu, da shi nake koyar da lissafi a firamare. Hausa ta cikin gida ce, ta kasuwar kifi da gidan biki. Har na kai shekara 34 ban taɓa rubuta jimla guda da ita ba. Bokon nan da kuke karantawa ma a waya na koye shi daga baya, wajen hira da dangi na Kano.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, ana 24 ga azumi. Madani ta zama mafakar mutanen Khartum, makarantarmu ta cika da katifu da tukwane, mu ne masu kai musu abinci. Ranar Juma'a 15 ga Disamba aka fara jin ƙarar manyan bindigogi daga ƙetaren kogi, wajen Abu Haraz. Unguwarmu tana kusa da gadar Hantub, don haka muka kwashe Inna muka koma gidan Gwaggo a kudancin gari. Ranar Litinin 18 ga wata dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shigo garin, kuma a 'yan kwanakin nan mutum kusan 300,000 suka fice daga Madani. A ranar ce autanmu ya rasu, yana da shekara 19. Ban san wanda ya harbe shi ba.

Kwana huɗu muka yi a hanya kafin mu kai Gadarif, gidan Kawu. Mu 14 a ɗaki biyu da rumfa. Aka yi zaman makoki, aka yi addu'ar arba'in, kowa ya koma neman abin sawa a baki. Ni ma na koma, a gani. Ina dafa abinci, ina wanki, ina yi wa Inna allurar ciwon sukari safe da yamma. Amma barci ya gagare ni. In na samu awa biyu a dare, na gode Allah. Abin da ya fi damuna shi ne leda. Yaro ya shigo da burodi a leda, ta yi wannan ƙarar ƙacaƙacau, sai in ji ƙafafuna sun mutu, bakina ya bushe, zuciyata na bugawa har cikin kunne. Kasuwa ta gagare ni, don kasuwa ai leda ce. Na san dalili sarai, amma duk lokacin da tunanina ya nufi wajen sai ya yi turjiya kamar jakin da ya ga rami.

Mutanenmu ba su rage ni da komai ba wajen ta'aziyya. "Sai haƙuri, Yaya." "Kar ki ƙona shi da hawaye." Da gaskiya suke faɗa, kuma da ƙauna. Sai dai ni na ɗauki haƙuri a matsayin rufe baki, na rufe wata takwas. Malamin da Inna ta kai ni wajensa ne ya fara kwance mini wannan ƙulli. Dattijo ne mai tsangaya a bayan kasuwar hatsi. A zuwa na uku ya ajiye allon ya ce, "'Yata, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma bai ɓoye ba, ya ce wa Allah yake kai kukansa. Manzon Allah ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ki ci gaba da addu'a, amma akwai wata likita a makarantar da aka sauke 'yan gudun hijira, ki je ki gan ta."

Duktura ita ma 'yar gudun hijira ce daga Umdurman, ta karanci ilimin halayyar ɗan Adam. Talata da Alhamis take zama da mata a wani aji da aka jingine bencinansa a bango. Damina ce, watan Agusta 2024, laka baƙa ta Gadarif tana cire wa mutum takalmi, ga kwalara ana fama da ita a gari. Mu 11 ne a rukuninmu, Larabawa da Nuba da Hausawa uku.

Ba da biro muka fara ba. Igiyar shanya ta shimfiɗa a ƙasa, ta naɗe ƙarshenta guda. Ta ajiye ɓaraguzan jan bulo a kwano ɗaya, busasshen zoɓo a ɗaya kwanon, wanda nan ake ce wa karkade. Ta ce farkon igiyar haihuwarki ce. Duk abin daɗi ki ajiye masa fure, duk abin tashin hankali ki ajiye masa dutse, a jere kamar yadda suka faru. Wancan naɗaɗɗen ƙarshen kuwa shekarun da ba ki yi ba tukuna ne. Da aka zo kaina na ɗauki bulo mafi girma na dire shi, na tsaya. Ta ce, "Ustaza, an haife ki ranar Litinin ɗin ne? Koma farko." Na koma. Na ajiye fure ranar saukar Alƙur'anina, fure ranar da aka ɗauke ni aiki, ƙaramin dutse na rasuwar Baba, fure na ranar sunan Auta ina 'yar shekara 15. Da na miƙe na duba, a karon farko na ga dutsen nan yana da gaba yana da baya.

Ta gaya mana asalin igiyar. Wasu masana daga jami'ar Konstanz ta Jamus ne suka tsara wannan hanya ta ba da labarin rayuwa a jere, kuma a kan 'yan Sudan aka fara gwada ta da kyau, a sansanin Imvepi da ke arewacin Yuganda, lokacin yaƙin kudu. Mutum 43 ne, an buga sakamakon a 2004. Zama huɗu kawai aka yi da masu bin wannan hanya. Bayan shekara guda, cikin waɗanda suka bi wannan hanya kashi 29 cikin ɗari ne suka rage da ciwon firgicin, alhali a sauran rukunoni biyu da aka yi wa nasiha ko bayani kawai, kusan kashi 80 suna nan da shi. A can, mai jinya ke faɗa, likita na rubutawa. Ita kuwa ita kaɗai ce a kan mata da yawa, don haka ta ce duk mai iya rubutu ta rubuta da hannunta, wadda ba ta iya ba ta zauna da ita.

Bayaninta na yadda firgici ke zama a ƙwaƙwalwa shi ne abin da ya fi kama hankalina. Ta ce abin da ya faru da mutum a rana ta yau da kullum, ƙwaƙwalwa na ajiye shi da kwanan wata da wuri. Amma a tsakiyar tashin hankali sai ta kwashi ƙara da wari da hoto ta watsa su ba tare da ta rubuta musu yaushe ko ina ba. Shi ya sa in leda ta yi ƙara a Gadarif, jikina ba ya cewa "wannan ta tuna mini da Madani", cewa yake "ga shi nan yana faruwa". Na ce mata kamar carbi ke nan da zarensa ya tsinke, duk inda ka taka sai ka taka ƙwaya. Ta ce to zaren za mu nema.

Ƙa'idojin kaɗan ne. Minti 20 a rana, kwana huɗu. Kar biro ya tsaya, kar a damu da nahawu. A rubuta abin da ya faru da kuma abin da aka ji a zuciya, duka biyun. Ba da dare ba. Kafin a fara da bayan an gama a ba wa nauyin zuciya maki daga sifili zuwa goma. In an gama a tashi a yi aikin hannu. In abin ya fi ƙarfin mutum ya ajiye. Kuma babu mai karantawa sai da izini.

Ranar farko na zauna bayan madafa na cika shafi biyu da Larabci mai kyau, irin wanda nake rubuta rahoton ƙarshen zango da shi. "A ranar Litinin, da misalin ƙarfe tara na safe, marigayin ya fita daga gida a kan keke." Makina kafin in fara shida, bayan na gama shida. Na kai wa Duktura da kaina. Ta karanta ta ce, "Wannan ofishin 'yan sanda za a kai shi. Ke kina ina a ciki?" Na yi shiru. Ta ce, "Maganar ƙarshe da kuka yi da shi, da wane harshe kuka yi ta?" Na ce da Hausa. Ta ce, "To da shi aka ajiye. Ni ba na jin Hausa, kuma ba sai na ji ba."

Ban san yadda ake rubuta Hausa ba. Na dai tuna wasiƙun kakana da ke cikin akwatin Baba, Hausa da baƙaƙen Larabci, wato ajami. Sai na yi nawa. Inda Larabci ba shi da baƙi, irin na farkon ɗaki ko ɓera ko tsuntsu, na ƙara ɗigo a inda na ga dama. Na daɗe ina kallon shafin, sannan hannuna ya rubuta abin da na yi wata takwas ban furta ba ko a zuci:

"Auta, tashi ka je ka ɗauko wa Inna allurarta."

Kalma tara. Ban ƙara ko ɗaya ba. Na tashi da gudu na yi amai a bayan rumfa, jikina na kakkarwa kamar mai masassara. Makina ya kai tara. Daren nan ban runtsa ba, kashegari ma haka. Na cusa littafin ƙarƙashin katifa na yi kwana shida ban taɓa shi ba, kuma na yi fushi da Duktura fushi na gaske. Na je don in gaya mata ta tone mini miki ta bar ni da shi a buɗe.

Ba ta kare kanta ba. Ta ba ni haƙuri, ta ce ya kamata wannan zaman a gabanta na yi shi. Sannan ta ba ni labarin mutumin da ya fara auna wannan abu, James Pennebaker, a wata jami'a a Teksas ta Amurka. A wani bincike da aka buga a 1986, shi da abokiyar aikinsa Sandra Beall sun sa ɗalibai 46 rubutu na minti 15, kwana huɗu a jere. Wasu kan abubuwa marasa muhimmanci, wasu kan mafi munin abin da ya taɓa samunsu. Waɗanda suka rubuta abin da ya faru haɗe da abin da suka ji, da sun ajiye biro sun fi kowa baƙin ciki, har hawan jininsu ya ɗan ɗaga. Amma a wata shida da suka biyo baya sun fi sauran ƙarancin zuwa asibitin jami'a. Ta ce binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin matsakaici ne, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin da ba ta da iko a kansa ba. Sai ta kawo wata dabara. "Bar cewa ni. Ki ce ita. Ki rubuta labarin wata malama da ƙaninta, kamar tatsuniya za ki yi wa yara. Ki fara daga daren Lahadi, kar ki fara daga aiken."

A nan aikin ya sauya. Da nake cewa ni, jimla guda kawai nake gani, tana cika duniya. Da na ce ita, sai na samu wurin tsayawa a bakin ƙofa ina leƙen ɗakin. Na ga malamar zaune a tabarma a gidan gwaggonta. Na ji guɗa a unguwa daren Lahadi, ana cewa an kori 'yan RSF, gari ya tsira. Na ga kwalbar insulin ta ƙarshe a hannunta, ta ɗaga ta saitin fitila, saura abin da bai kai na safe ba. Na tuna kwalabe biyu da aka manta a gida, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashin randa saboda rashin wuta. Na tuna ta zaga shagunan magani uku ranar Lahadi, duk a rufe. Na ga safiyar Litinin shiru, maƙwabcin Gwaggo ya je gidansa ya kwaso awakinsa ya dawo lafiya. Na ga yaron a tsaye yana shan shayi, yana hura kofin, yana cewa, "Yaya, in na dawo akwai ladan aike?" Wallahi na manta ya yi dariya a safiyar nan. Wata takwas fuskarsa guda kawai nake gani, sai ga wannan ta dawo.

Duk waɗannan suna cikin kaina tun farko. Ba ƙirƙira na yi ba. Labari ne ya tilasta mini nemo su, don labari ba ya tafiya sai an ce wannan ya faru, sannan wannan, saboda wancan. Duktura ta ce Pennebaker ya ƙirga kalmomin masu rubutun, ya ga waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda kalmomin dalili da na ganewa ke ƙaruwa a rubutunsu daga rana zuwa rana. Na koma gida na ƙirga nawa. A shafukan Larabci babu "saboda" ko ɗaya. A shafi na 11 akwai bakwai.

Ba zan ce rubutu ya wanke ni ba, don ba haka aka yi ba. Ni na aike shi, yana nan a shafin da hannuna. Abin da na gane shi ne malamar da ta yi aiken ba ta san abin da ni na sani ba. Ita tana da uwa mai ciwon sukari, da kwalba babu komai, da safiya mai shiru. Ni kuwa na zauna a Gadarif ina yi mata shari'a da ilimin ƙarfe goma sha ɗaya, bayan abin ya riga ya faru. Da ƙawata ce ta zo mini da wannan labari, da rungume ta zan yi. Wannan ya ɗauke ni mako uku kafin ya sauka daga kai zuwa ƙirji.

Sauran labarin a gaban Duktura na rubuta shi, bayan kowa ya watse, tana zaune nesa kaɗan tana tsintar wake. Kiran waya daga dattijon da ke da gidan burodi a layinmu, wanda ya ƙi barin gida. Keken jaki, da muke ce wa karo, da mai shi ya yarda ya kai ni rabin hanya. Kwanar gidan burodin. Keken a kife, silifa ɗaya can gefe. Ledar tana maƙale a wuyan hannunsa. Ya riga ya ɗauko, yana hanyar dawowa ke nan. Na durƙusa na zare ta, ta yi wannan ƙarar, kwalabe biyun na ciki da tsummansu, tsumman da sauran sanyi. Maza huɗu suka rage a layin. Suka haƙa a filin da ke gefen masallaci. Babu likkafani, na warware farin tobina, wato lulluɓin da nake zuwa makaranta da shi, na ba su. Suka yi masa salla da sauri, ana jin harbi ta wajen kasuwa.

Da na kai nan na rubuta "ni" ban sani ba. Sai da na sake karantawa na ga inda "ita" ta ɓace.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai littafin. Na ce wa Inna mai gidan burodi ne ya shiga gida ya ɗauko maganin. Da wannan insulin na yi mata allura a hanya, a Haj Abdullahi, a Sinnar, a Mai Wurno inda 'yan'uwa suka ba mu wurin kwana, a Sinja, a Dindir, a bayan babbar mota cikin ƙura. Kowace allura ina sanin daga hannun wa ta fito, ita kuwa, a zatona, ba ta sani ba.

Kwana huɗun da aka ce sun zama wata uku. Da dutsen ya samu wurin zama sai na koma kan furanni, kuma a ganina rabin maganin a nan yake, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Na rubuta masa wasiƙu. Na rubuta yadda yake taya ɗan Gwaggo sayar da agashe da yamma bayan ya dawo daga karatu, yana barbaɗa ƙuli da yaji yana gaya wa Larabawan da ke layi cewa sunan ma namu ne, "a gashe" ne suka ara. Na rubuta faɗan da muka yi kan kuɗin waya, ban gyara shi ya zama waliyyi ba, don yaro ne mai taurin kai kuma haka nake son in tuna shi. Na gwada waƙa mai amsa-amo, ta fito a karkace, na bar ta haka. Kawu ya gan ni ina ƙirga gaɓoɓi da yatsu, ya ce ai ba baƙon abu na ɗauko ba, Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello marsiyya da ya rasu a 1837, kuma ba wanda ya ce ta rasa tawakkali. Maganar nan ta yi mini daɗi ƙwarai.

Ina so in faɗi iyakar abin, don na ga iyakar da idona. Cikin mu 11, wata ta daina zuwa bayan zama na biyu, kuma Duktura ta ce a ƙyale ta, lokacinta bai yi ba. Wata sai da aka haɗa ta da likita ya rubuta mata magani kafin ta iya zama wuri guda. Wata yarinya ta ɗora nata a Facebook tun yana ɗanye, mutane suka shiga yi mata tambayoyi da wa'azi da gardamar siyasa, ta dawo ta fi da lalacewa. Wanda har yanzu yake cikin haɗari, ko wanda abin ya same shi makon jiya, abinci da wurin kwana da mutane yake buƙata kafin biro. Wanda kuma yake jin zai cutar da kansa, kar ya zauna shi kaɗai da littafi, ya nemi likita. Ni na yi sa'a ajamina ba mai iya karanta shi sai ni, don haka na rubuta ba tare da tsoron idon kowa ba, a gidan da mutum 14 ke kwana.

Barcina ya koma awa biyar, wani lokaci shida. Na koma kasuwa. Leda har yanzu takan kama ni in ban shirya ba, amma yanzu in ta yi ƙara nakan ce a raina, Litinin, Madani, kwanar gidan burodi, ya wuce. Sai numfashi ya dawo.

A watan Nuwamba, ana kakar riɗi, Kawu ya kawo buhu guda daga gona. Ni da Inna muka zauna a rumfa muna sheƙa muna tsince tsakuwa. Yara sun tafi, gidan shiru. Na ce, "Inna, na yi wani rubutu, ina so in karanta miki. In kin ce in bari zan bari." Ta ce, "Karanta." Ba ta ɗago ba, hannunta na cikin faifai. Na karanta daren Lahadi, na karanta shayin. Ta ce, "Ba a tsaye ya sha ba. A kan turmi ya zauna." Na gyara. Na karanta aiken, muryata ta sarƙe, ta jira ni. Na karanta kwanar, da tobin, da filin masallaci. Da na zo wajen ledar na tsaya, na ce, "Inna, akwai abin da na gaya miki wanda ba haka yake ba."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Na sani tun a mota. Ƙulli biyu da kunne na saƙala yatsa, wa ke ɗaure leda haka in ba mai agashe ba?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Na ga kina ɓoyewa don ni, na ce bari in bar miki. Ke kina cewa ke kika aike shi. Ni kuwa ciwona ya tafi ɗauko wa magani." A ranar muka yi kukan da ba mu yi ba a zaman makoki, riɗin na zube a tabarma, ba wanda ya ce mana mu yi haƙuri.

Bayan kwana uku, na gama yi mata allurar safe ina rufe kwalba, ta ce, "Wannan littafin naki da sauran wuri?" Na ce ya cika, amma zan sayo wani. Ta ce, "Sayo. Ni ban iya ba, ke za ki riƙa rubutawa."

Sojoji sun koma Madani ranar 11 ga Janairu 2025, mu kuma muka koma bayan ƙaramar salla. Gidan babu ƙofa babu gado, randar ce kawai a wurinta. Mai gidan burodi ya kewaye kabarin da bulo, ya kai mu muka yi addu'a. Yanzu kullum bayan la'asar Inna na zama a kan tabarma, ni ina gefenta da biro. Na gaya mata ƙa'idar igiya, cewa daga farko ake farawa, ta kuwa riƙe ta da kyau. Ta fara daga ƙauyensu a bakin kogi kusa da Sinnar, da kwalekwalen babanta, da shekarar da aka kawo ta Madani amarya a bayan motar auduga. In na yi sauri takan ce, "Tsaya, ban gama da wannan ba." Mun shiga littafi na biyu, muna shafi na 23, jiya aka yaye ni. Saura shekara 13 a haifi Auta.